Karen da Ɗan'uwansa ya Ciza: Yadda Tsoro ke Shiga Ƙwaƙwalwa da Yadda Ake Rage Shi

Gabatarwa

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan karin magana ta ƙunshi wani babban darasi na ilmin halittu, wato yadda wahala guda ɗaya tak take iya sauya halayyar mai rai na tsawon lokaci. Abin bai tsaya ga ɗan Adam kaɗai ba. Dabbobi masu shayarwa, irin su doki da akuya da kare, duk suna da sassan ƙwaƙwalwa masu adana tsoro kamar na mutum.

A garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu na Jihar Zamfara, kare abokin aiki ne. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan farauta kan fita da karnukansu neman zomo da kurege da gafiya. Makiyayi kan ajiye kare don tsaron garke, manomi kuma don korar birai da sauran masu ɓarna a gona. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya addabi ƙauyuka da dama na yankin, haushin kare da tsakar dare yakan zama gargaɗin farko da mutanen gida suke samu. Saboda haka karen da ya tsorata har ya daina aikinsa, asara ce ga mai shi. Haka kuma yana iya zama haɗari ga yaran gida, domin tsoro na daga cikin manyan dalilan da ke sa kare cizo.

Wannan darasi zai bayyana abin da ke faruwa a jikin karen da wani kare ya far wa, da dalilin da ya sa tsoron yake daɗewa bayan miki ya warke, da kuma matakan da masana halayyar dabbobi suka gano na taimaka masa.

Misalin da za a yi aiki da shi

A ɗauka wani mafarauci ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan ƙasar Tsafe yake da baƙin kare ɗan shekara 2, mai kuzari da son fita daji. Wata rana da yamma, a lokacin barbarar karnuka, karen ya bi ta bayan mahauta, sai wani ƙaton jan kare ya danne shi, ya cije shi a wuya da cinya kafin jama'a su raba su. Cikin mako 2 mikin ya kame. Amma tun daga ranar karen ya sauya. Ba ya yarda ya bi hanyar mahauta. In ya jiyo haushi daga nesa sai ya sa bindi tsakanin ƙafafu ya shige ƙarƙashin rumbu. Ranar farauta, da ya hango karnukan ƙungiya sai ya fizge igiya ya koma gida. Mai shi ya ce karen ya lalace, abokansa kuma suka ba shi shawara ya riƙa dukansa har ya dawo hayyacinsa.

Domin a gane kuskuren da ke cikin wannan shawara, dole a fara duba abin da ya auku a cikin jikin karen.

Abin da ke faruwa a jiki lokacin farmaki

A cikin ƙwaƙwalwar kowace dabba mai shayarwa akwai wasu ƙananan curarrakin ƙwayoyin jijiya guda 2, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda ake kira amigdala. A jikin mutum, girman kowanne bai wuce na ƙwayar gyaɗa ba sosai. Aikin amigdala kamar na mai gadin ƙofar gari ne: duk saƙon da ya taso daga ido ko kunne ko hanci ko fata, tana duba shi ko akwai haɗari a cikinsa.

Wani masanin ƙwaƙwalwa na Amurka mai suna Joseph LeDoux, wanda ya yi bincike a kan ɓeraye tun cikin shekarun 1980, ya nuna cewa saƙo yana iya isa amigdala ta hanyoyi 2. Akwai gajeriyar hanya mai sauri wadda ba ta tantance abu da kyau. Akwai kuma doguwar hanya wadda ke bi ta ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake tantance abin da aka gani ko aka ji. Gajeriyar hanyar ce ke sa mutum ya yi tsalle da ganin baƙin tsumma, doguwar kuma ita ce ke sanar da shi daga baya cewa ai tsumma ne. Wannan tsari yana da amfani ga rayuwa, domin dabbar da ta guji tsumma sau 10 ba ta rasa komai ba, amma wadda ta tsaya nazarin maciji sau 1 tana iya rasa ranta.

Da zarar amigdala ta ga haɗari, sai ta tura saƙo zuwa wasu 'yan halittu 2 da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, baƙin ido ya buɗe, gashin baya ya miƙe, jini ya bar hanji ya nufi tsokar ƙafafu. Masanin aikin jiki Walter Cannon na Jami'ar Harvard ne ya bayyana wannan hali a 1915, a matsayin shirin da jiki ke yi na faɗa ko gudu. Bayan 'yan mintoci sai wani sinadarin mai suna kotisol ya biyo baya, ya ƙara sukari cikin jini domin jiki ya samu ƙarfi.

Waɗannan sinadarai suna da wani aikin na biyu, wanda shi ne tushen wannan darasi. Sukan ƙarfafa adana abin da ya faru a ƙwaƙwalwa. Abin da ya auku cikin firgici yana zama daram fiye da abin da ya auku cikin kwanciyar hankali. Shi ya sa dattijo yakan manta abin da ya ci shekaranjiya, amma ya tuna dalla-dalla ranar da ya kusa nutsewa a gulbi yana yaro.

Yadda ake koyon tsoro

Masanin ƙasar Rasha Ivan Pavlov, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, ya lura cewa karnukansa sukan fara dalalar da yawu tun kafin a kawo abinci, da zarar sun ji motsin mai kawo shi. Ya gwada haɗa wani sauti da abinci sau da yawa, har ya kai ga sautin kaɗai yana sa yawu ya zubo. Ma'anar wannan ita ce, ƙwaƙwalwa tana ƙulla alaƙa tsakanin abubuwa 2 da suka saba zuwa tare, har na farkon ya zama manzon na biyun.

Tsoro ma haka ake koyonsa, sai dai shi ba ya bukatar maimaici. Karnukan Pavlov ɗin kansu sun nuna haka. A watan Satumba na 1924, kogin Neva ya yi ambaliya a birnin Leningrad, ruwa ya cika ɗakunan da ake ajiye karnukan, da ƙyar ma'aikata suka ceto su. Bayan ambaliyar wasu daga cikin karnukan suka rikice, suka watsar da abin da aka daɗe ana koya musu. Da aka lallaɓa su suka farfaɗo, sai masu binciken suka gwada kwararo ɗan ruwa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin gwaji. Ganin wannan ɗan ruwa kaɗai ya isa ya mayar da ɗaya daga cikin karnukan cikin firgicinsa na da.

Haka abin yake ga karen mafarauci. Zafin cizo ya zo tare da wasu abubuwa: kamannin jan kare, gurnaninsa, warinsa, warin mahauta, da hasken yamma. Amigdala ta ƙulle su duka da zafin. Ya kamata a tuna cewa hancin kare yana da ƙwayoyin shaƙar wari sama da miliyan 100, alhali na mutum bai wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Kunnensa kuma yana jin sauti mai tsinin da kunnen mutum ba ya kamawa. Don haka sau da yawa mai kare yakan ce karensa yana firgita babu dalili, alhali karen ya shaƙi wari ko ya jiyo haushin da mai shi bai san da shi ba.

Daga nan sai tsoron ya yaɗu. Da farko jan kare ne abin tsoro, sannan duk wani babban kare, sannan kowane kare har da ɗan kwikwiyo. Masana na kiran wannan faɗaɗar tsoro, kuma shi ne ainihin abin da karin maganar maciji da tsumma take nufi.

Akwai kuma dalilin da ke hana tsoron gushewa da kansa. Duk lokacin da karen ya hango wani kare ya gudu, yakan ji sauƙi a jikinsa. Wannan sauƙi lada ne, kuma duk halin da aka ba lada yakan ƙaru. Gudun kuma yana hana shi damar gane cewa yawancin karnuka ba za su taɓa shi ba. In kuwa an ɗaure shi ya rasa hanyar gudu, sai ya koma ga haushi da kai cizo. Da ɗaya karen ya ja da baya, sai ya koyi cewa faɗa ne ke kuɓutar da shi. Ta haka ne matsoracin kare yake rikiɗa ya zama mafaɗaci.

Matakin farko: miki da ciwon haukan kare

Kafin a yi maganar halayya, wajibi ne a duba lafiyar jiki. Fiƙar kare takan bar ɗan ƙaramin rami a fata, amma ta yayyaga tsoka a ƙarƙashi, musamman in maciyin ya girgiza kai. Bakin kare kuma cike yake da ƙwayoyin bakteriya, don haka mikin da ya rufe ta sama yana iya tara mugunya ta ciki. Karen da ke jin zafi yakan ƙi fita, ya ƙi a taɓa shi, ya yi gurnani, kuma babu horon da zai yi aiki sai zafin ya tafi. A wanke mikin da ruwa mai tsabta da sabulu, mai wankewar ya sa safar hannu ko ya rufe hannunsa da leda, sannan a kai karen ga likitan dabbobi. Kada a shafa baƙin mai ko maganin feshin ƙwari ko toka a miki. Kada kuma a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, domin wasu, irin su ibufurofen, suna lalata masa ciki da ƙoda.

Babban abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi. Tana fita ta yawun dabba mai ciwon, ta shiga ta miki, ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 a duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Abin lura a nan shi ne, alamar farko ta wannan ciwo a jikin kare ita ce sauyin hali. Kare mai sakin jiki yakan koma ɓuya a lungu, wanda yake da tsoro kuma ya koma shishshigi. Saboda haka dole mai kare ya san bambancin abubuwan 2. Tsoron da aka koya yakan bayyana tun ranar farmakin ko washegari, yana da abin da ke tayar da shi, kuma in babu wannan abu karen yana cin abincinsa, ya sha ruwa, ya gane mai shi. Ciwon hauka kuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa watanni kafin ya bayyana, kuma in ya bayyana kullum ƙaruwa yake yi: dalalar yawu, kasa haɗiya, sauyawar muryar haushi, cizon itace ko dutse, yawo babu manufa, saki-sakin muƙamuƙi, shanyewar ƙafafun baya, sannan mutuwa, galibi cikin kwana 10.

In an san karen da ya yi cizon, a nemi mai shi ya tsare shi kwana 10. In ya cika waɗannan kwanaki lafiya lau, to ba ya ɗauke da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizon. In kuwa ba a san shi ba, ko ya ɓace, ko ya mutu, to sai a ɗauki lamarin da girma. Ƙa'idar da likitocin dabbobi na Amurka suke bi ita ce, karen da yake da rigakafi a sake yi masa allura nan take a sa masa ido kwana 45, wanda ba shi da rigakafi kuwa a killace shi wata 4 ko a kashe shi. A nan gida, likitan asibitin dabbobi na gwamnati ne zai faɗi abin da ya dace. A tsawon wannan lokaci kada a bar yara su yi wasa da karen.

Mutumin da aka ciza ko aka yakusa wajen rabon faɗa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko da mikin ƙarami ne. Mazauna Gusau da kewaye suna iya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin. Allurar da ake yi bayan cizo, wadda asalinta ya faro daga aikin Louis Pasteur na Faransa a 1885, tana hana ciwon in an fara ta da wuri. Kuma kada a sa hannu tsakanin karnuka masu faɗa. A watsa musu ruwa ko a tura faifan katako a tsakaninsu.

Karanta jikin kare

Kare yana bayyana tsoronsa ta jiki, kuma alamun suna hawa ne daki-daki. Ƙananan alamu su ne lasar leɓe, hamma ba tare da barci ba, kau da kai, ɗaga ƙafar gaba ɗaya, da haki alhali babu zafi. Sai matsakaita: kwantar da kunnuwa baya, sa bindi tsakanin ƙafafu, duƙar da jiki, karkarwa, da bayyanar farin ido. Manyan alamu kuwa su ne sandarewa wuri ɗaya, gurnani, yaƙe haƙora, sakin fitsari, da kai cizo.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya amfani da shi. Tun da adirenalin yana tsayar da aikin ciki, karen da tsoro ya cika shi ba ya cin abinci. In aka miƙa masa ɗan nama ya karɓa a natse, to tsoron bai kai matuƙa ba, kuma ƙwaƙwalwarsa tana iya koyon sabon abu. In ya ƙi karɓa, ko ya fizga da ƙarfi idonsa na wani wuri, to an matso da shi kusa da yawa.

Hanyar magani: sabarwa sannu a hankali

A 1924, wata masaniyar halayya a Amurka mai suna Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara 3 da ke tsoron zomo. Takan ba shi abincin da yake so, a ajiye zomon a keji can nesa. Kowace rana sai a ɗan matso da kejin, har ya kai ga yaron yana shafa zomon. Daga baya likita Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya gwada irin wannan da kyanwoyin da suka tsorata da wani keji har suka ƙi cin abinci a cikinsa. Ya fara ciyar da su a ɗakin da bai yi kama da na kejin ba, sannan a wanda ya ɗan yi kama, har suka koma ci a cikin kejin. Ya wallafa bayanin hanyar a 1958, kuma har yau da ita ake aiki ga mutane da dabbobi.

Hanyar ta tsaya a kan ginshiƙai 2. Na farko, a nuna wa dabba abin tsoron kaɗan-kaɗan, gwargwadon da ba zai firgita ta ba. Na biyu, a haɗa ganin nasa da abin daɗi, har tsohuwar alaƙar da ke cewa kare manzon zafi ne ta samu kishiya mai cewa kare manzon nama ne. Ga yadda mafaraucin zai yi:

1. Hutu. A bar karen a gida na mako 1 ko 2, a ba shi wurin ɓuya mai inuwa inda yara ba za su dame shi ba. A riƙa ba shi abinci a kaskonsa a lokaci guda kullum. In za a fita da shi, a zaɓi lokaci da hanyar da babu karnuka.

2. Neman abokin aiki. A samu wani mai kare wanda karensa yake da sanyin hali kuma yake da rigakafi. Tsohuwar karya mai haƙuri ta fi dacewa. Kowane kare ya kasance da igiya a hannun babban mutum.

3. Gano tazara. A je fili, kamar gonar da aka girbe ko filin ƙwallon makaranta bayan an tashi. A nemo nisan da karen zai hango karyar amma ya ci gaba da karɓar abinci. Yana iya zama taku 50, yana iya zama 100.

4. Haɗawa. Da zarar ya kalli karyar, a ba shi ɗan yankan nama ko hanta ko busasshen kifi, ƙanana kamar ƙwayar wake, ɗaya bayan ɗaya. In karyar ta ɓace bayan katanga ko bishiya, a daina. Tsarin yana da muhimmanci: ganin kare ne farko, nama ya biyo baya. A guji tsire mai albasa, domin albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

5. Matsowa. Kowane zama kada ya wuce minti 5 zuwa 10, sau 1 ko 2 a rana. In aka ga karen ya hango karyar sai ya waiwayo yana jiran nama, to alaƙar ta fara ƙulluwa. Sai a rage tazarar da taku 3 zuwa 5. In alamun tsoro suka dawo, a koma baya.

6. Tafiya tare. In tazarar ta ragu, a riƙa tafiya da karnukan a jere suna fuskantar gaba ɗaya, da 'yar rata a tsakani. Tunkarar juna gaba da gaba barazana ce a wurin karnuka. Daga baya a bar su su shinshina juna na daƙiƙa 2 ko 3, da sakakkiyar igiya, sannan a kira kowa gefe.

7. Sauya wuri da abokin aiki. A maimaita da wani karen, sannan da 2, sannan a wani filin, daga ƙarshe a hanyar mahauta. Komawa cikin ƙungiyar farauta shi ne mataki na ƙarshe.

Dalilin mataki na 7 shi ne, bincike ya nuna cewa wannan horo ba ya goge tsohon tsoro daga amigdala. Sabon darasi ne ake ginawa a gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke danne tsohon, kuma sabon darasin yakan manne da wurin da aka koye shi. Pavlov da kansa ya lura cewa halin da aka ɗauka ya ɓace yakan sake ɓullowa bayan an kwana biyu. Don haka in tsoron ya dawo wata rana, kada mai kare ya karaya. Ya koma baya taku kaɗan ya ci gaba. Wani karen yakan warware cikin makonni, wani sai watanni, wani kuma zai koma gadin gida lafiya amma ba zai sake jure cunkoson farauta ba. In abin ya yi tsanani har karen ya daina ci ko ya fara cizon mutanen gida, sai a koma ga likita, domin akwai magungunan rage fargaba da likita kaɗai ke rubutawa. Tsangayar Koyon Aikin Likitan Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, duk suna da asibitin koyarwa.

Kurakuran da aka saba yi

Kuskure na farko shi ne duka. Yanzu mai karatu zai iya gane aibinsa da kansa: kare ya bayyana, sai zafin sanda ya biyo baya, wato an sake ƙarfafa alaƙar da ake son a raunana. Bugu da ƙari, mai karen ma ya shiga jerin abubuwan tsoro. Dukan kare saboda gurnani ya fi muni, domin gurnani gargaɗi ne. Karen da aka hana gargaɗi yakan kai cizo babu sanarwa, kuma yaro ne ya fi kusa da bakinsa.

Kuskure na biyu shi ne jefa karen cikin taron karnuka wai don ya saba. Wani lokaci yakan yi tsit, a ɗauka ya warke, alhali ya sallama ne. A 1967, Martin Seligman da Steven Maier sun nuna cewa karnukan da aka sa cikin wahalar da ba su da hanyar kauce mata, da yawansu sukan daina ƙoƙarin tsira ko da an buɗe musu hanya daga baya.

Kuskure na uku shi ne ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a ƙofar gida inda karnukan unguwa ke wucewa. Na huɗu kuma shi ne zaton cewa lallashi yana ƙara tsoro. Murya mai taushi da tsayuwar mai shi kusa da shi suna taimaka wa kare ya natsu.

Rigakafi

John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin karnuka a jihar Maine ta Amurka suka kuma wallafa sakamakonsu a 1965, sun gano cewa tsakanin mako 3 da mako 12 na rayuwa ne ɗan kwikwiyo yake koyon zama da 'yan'uwansa da mutane. Wanda aka raba da uwarsa tun yana mako 3 ko 4, kamar yadda yara kan yi, yakan tashi bai iya karanta alamun sauran karnuka ba, ga shi da saurin firgita. Ya kamata a bar shi da uwarsa har mako 8. A yi masa allurar rigakafin hauka yana wata 3, a riƙa sabunta ta kamar yadda likita ya tsara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta zauna a can tun 1924, tana cikin masu samar da wannan allura. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, yaɗuwar ciwon takan tsaya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce aka keɓe a duniya don faɗakarwa a kan ciwon, kuma dama ce ga makarantu su gayyaci likitan dabbobi. A kuma tsare karnuka a gida lokacin barbara, a nisanta su da mahauta da juji, inda faɗa ya fi aukuwa.

Aikin aji da tambayoyi

Malami na iya nuna darasin Pavlov a aji ba tare da dabba ba. Ɗalibi ɗaya ya zauna, wani ya buga ƙararrawa, nan take na uku ya hura masa iska kaɗan a gefen ido da bututun roba mai tsabta. Bayan an maimaita sau 20 zuwa 30, a buga ƙararrawar kaɗai a duba ko zai ƙifta ido. Sannan a ci gaba da bugawa babu iska, a ƙirga sau nawa za a yi kafin ƙiftawar ta daina. Washegari a sake bugawa a ga ko ta dawo.

1. Bayyana aikin amigdala, ka kuma danganta shi da karin maganar maciji da tsumma.
2. Me ya sa karen da ya tsorata ƙwarai ba ya karɓar abinci?
3. Kawo bambance-bambance 3 tsakanin tsoron da aka koya da ciwon haukan kare.
4. Ta yaya gudu yake hana tsoro gushewa?
5. Tsara matakan da za a bi da wannan hanya a taimaki ɗalibin da ke tsoron magana a gaban aji.